William Kirby

William Kirby (19 ga Satumba, 1759 – 4 ga Yuli, 1850) limamin coci ne kuma masanin ƙwari ɗan ƙasar Ingila. An san shi da aikin da ya yi na bambance nau'o'in ƙudan zuma na daji. Ana yi masa kallon uban ilimin ƙwari a Ingila.

Farkon rayuwa

An haife shi a Witnesham da ke yankin Suffolk. Ya yi karatu a Ipswich, sannan ya wuce Jami'ar Cambridge, inda ya kammala a shekarar 1781. A 1782 ya fara aikin coci a ƙauyen Barham, kuma a nan ya zauna shekara 68, har ƙarshen rayuwarsa.

Aikinsa a kan ƙudan zuma

Yawancin ƙudan zuma na daji ba sa zama a amya, ba sa kuma tara zuma. Mace ita kaɗai ke haƙa raminta, ta zuba garin fure a ciki, ta saka ƙwai, ta toshe. Da yawansu ƙanana ne masu kama da juna, shi ya sa masana na zamanin Kirby ke yawan rikita su.

A 1802 ya wallafa Monographia Apum Angliae a juzu'i biyu, inda ya bayyana nau'o'i fiye da 200. Daga cikinsu, 153 a yankin Barham ya kama su. Bai tsaya ga launi ba. Ya duba ƙirar baki da sauran gaɓoɓi, ya raba ƙudan gida biyu. Masu gajeren harshe, waɗanda akasarinsu a ƙasa suke gida, ya kira su Melitta, masu dogon harshe kuma Apis. Daga baya masana sun sauya wannan rabo, amma sunayen da ya ba nau'o'i irin su Andrena clarkella da Andrena nigroaenea suna nan har yau.

A jikin wani ƙudan Andrena ne ya gano wani ɗan ƙwaro da ke rayuwa cikin cikinsa, ya sa masa suna Stylops melittae. Wannan ya kai shi ga ware sabon rukunin ƙwari mai suna Strepsiptera a 1813.

Sauran ayyuka da rasuwa

Tare da abokinsa William Spence, ya rubuta Introduction to Entomology a juzu'i huɗu tsakanin 1815 da 1826. Da aka kafa ƙungiyar masana ƙwari ta Landan a 1833, an naɗa shi shugabanta na girmamawa har iya rayuwarsa. Ya rasu a Barham yana da shekara 90.