Me Yake Tuƙa Ka? Rayuwar William Wadé Harris

Karatu: 2 Korantiyawa 5:14-15

Ɗan'uwa, idan ka taɓa zagaya Adjamé ko Treichville a birnin Abijan ran Lahadi, ka ga masu bi sun cika majami'u. Ka san yadda bishara ta kafu a wannan yanki? Ubangiji ya yi amfani da wani dattijo mai tafiya ba takalmi.

An haifi William Wadé Harris a Laberiya wajen 1860, a kabilar Grebo. Malamin makarantar mishan ne, amma zafin siyasa ya cika zuciyarsa. A 1909 ya kafa tutar Ingila don nuna ƙin gwamnatin ƙasarsa, aka jefa shi kurkuku. Can a 1910, bisa ga shaidarsa, Mala'ika Jibra'ilu ya bayyana gare shi, ya kira shi ga wa'azi.

Himmarsa ba ta ragu ba, sai dai abin da yake iza ta ya sake. Dā fushi ne, yanzu ƙaunar Almasihu ce.

A 1913 ya shiga ƙasar Kodebuwa sanye da farar riga, yana riƙe da Littafi Mai Tsarki, sandar gicciye, da ƙoƙon baftisma. Ya bi garuruwan bakin teku yana kiran mutane su ƙone kayan tsafi su bi Allah ɗaya. Cikin shekara ɗaya da rabi, fiye da mutum 100,000 suka karɓi baftisma, har da Ebrié, mutanen asalin Abijan. Bai tara dukiya ba, bai kuwa nemi sarauta ba.

A 1915 Faransawa suka kore shi. Da William Platt na mishan Methodist ya iso a 1924, ya tarar da majami'u cike da mutane suna jiran masu koya musu Maganar Allah. Harris ya rasu a 1929 cikin talauci, a Laberiya.

To, kai fa? Me yake fitar da kai da sassafe? Wanda kuɗi ko yabo yake tuƙa shi, ran da suka yanke zai zauna. Wanda ƙaunar Yesu ta kama, ko kora ba ta kashe aikinsa. Bincika zuciyarka yau.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsarkake nufin zuciyata, domin in yi maka hidima saboda ƙaunarka kaɗai. A cikin sunan Yesu, Amin.