Montagu Norman: Gwamnan Bankin Da Ya Riƙe Kuɗin Ruwan Ingila Shekara 24

A filinmu na tarihin mashahuran mutane yau mun leƙa birnin Landan, domin mu kawo muku rayuwar wani Bature wanda bai taɓa tsayawa zaɓe ba, bai kuma taɓa zama minista ba, amma hukuncin da yake yankewa a ofishinsa ya sha rufe masana'antu, ya kuma sha buɗe su. Wannan mutum shi ne Montagu Norman, gwamnan Babban Bankin Ingila daga shekarar 1920 zuwa 1944.

An haife shi a Landan ranar 6 ga watan Satumba na 1871, a gidan da aikin banki ya zama gado. Mahaifinsa ɗan banki ne, kakansa na wajen uba ya daɗe cikin daraktocin Babban Bankin Ingila, shi kuwa kakansa na wajen uwa, Mark Collet, ya riƙe kujerar gwamnan bankin daga 1887 zuwa 1889. Ya yi karatu a makarantar Eton ta ƴaƴan manya, ya shiga jami'ar Kambirij amma shekara ɗaya kawai ya yi ya fita. A 1894 ya kama aiki a bankin Brown Shipley, ya zauna Amurka na wani lokaci, daga baya ya tafi yaƙin Afirka ta Kudu inda ya sami lambar yabo, ya komo gida da rashin lafiya. Tun daga nan jikinsa bai ƙara yin ƙwari sosai ba, ga shi da yawan ƙuncin rai, abin da ya bi shi har ƙarshen aikinsa. A 1907 ya zama darakta a babban bankin, a 1920 aka naɗa shi gwamna. Al'adar gidan ita ce gwamna ya yi shekara 2 ya ba wani, amma shi sai da ya yi 24.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana makamin da ke hannunsa. Babban banki shi ne bankin bankuna, watau wurin da suke komawa neman rance in kuɗi ya yanke musu. Kuɗin ruwan da ya ɗora musu shi ne ma'aunin da su ma suke bi wajen ba ɗan kasuwa da mai masana'anta bashi. In an ɗaga shi, bashi ya yi tsada, ciniki ya ja baya, farashin kaya ya sauka, masu kuɗi na ƙasashen waje su kawo dukiyarsu domin cin riba, amma kuma ma'aikata da yawa su rasa aiki. In an sauke shi, bashi ya yi araha, kasuwa ta motsa, sai dai farashi na iya tashi, kuɗi kuma su gudu waje. A zamanin Norman akwai wani ƙarin nauyi, shi ne tsarin zinariya, wanda a ƙarƙashinsa babban banki ya yi alkawarin musanya takardar fam da zinariya a kan tsayayyen farashi. Saboda haka duk lokacin da zinariya ta fara fita daga ƙasa, dole a ɗaga kuɗin ruwa domin a jawo ta, ko da kuwa mutanen gida suna cikin matsi.

Kafin yaƙin duniya na farko fam ɗaya daidai yake da dalar Amurka 4.86. Yaƙin ya ci dukiyar Ingila, farashi ya ninka, aka saki zinariya, har a farkon 1920 fam ya faɗi ƙasa da dalar Amurka 3.50. Burin Norman shi ne ya mai da fam matsayinsa na da, domin a ganinsa martabar Landan a matsayin cibiyar kuɗin duniya a kan wannan alkawari ta dogara. Makonni kaɗan da hawansa, a watan Afrilu na 1920, aka kai kuɗin ruwa kashi 7 cikin ɗari, aka bar shi a nan shekara guda cur. Farashi ya sauka ƙwarai, fam ya fara farfaɗowa, amma a 1921 marasa aikin yi sun kai wajen miliyan 2.

A watan Maris na 1925 ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 4 zuwa 5 domin share fage, sannan ranar 28 ga Afrilu ministan kuɗi Winston Churchill, bisa shawararsa da ta manyan jami'an baitulmali, ya ba da sanarwar komawa kan zinariya a tsohon farashi. Masanin tattalin arzikin nan John Maynard Keynes ya yi suka mai zafi, inda ya nuna cewa an ɗora fam sama da ƙimarsa da kamar kashi 10 cikin ɗari, kuma ma'aikata ne za su biya bambancin daga albashinsu. Haka kuwa aka yi. Kwal da yadin Ingila suka yi wa masu saye na waje tsada, masu ramukan kwal suka nemi rage lada da ƙara awoyin aiki, abin da ya jawo yajin aikin gama-gari na kwana 9 a watan Mayu na 1926, su kuwa masu haƙar kwal suka zarce da nasu har ƙarshen shekara kafin yunwa ta mai da su bakin aiki. Duk tsawon waɗannan shekaru marasa aikin yi ba su sauka ƙasa da miliyan ɗaya ba, kuma Norman ba shi da halin sauke kuɗin ruwa yadda zai taimake su, don kada zinariya ta tsere.

Da abin ya yi masa yawa sai ya nemi agajin amininsa Benjamin Strong, shugaban reshen Niyok na babban bankin Amurka. A watan Yuli na 1927 suka yi wani taro a asirce kusa da Niyok, tare da Hjalmar Schacht na Jamus da Charles Rist na Faransa. Ba da daɗewa ba Amurka ta sauke nata kuɗin ruwan daga kashi 4 zuwa 3 da rabi, domin kuɗi su daina barin Landan. Fam ya sami sa'ida, amma masana da dama suna ganin arahar bashin ta ƙara rura wutar cacar hannun jari a Niyok. Strong ya mutu a 1928, Amurka ta koma ɗaga kuɗin ruwa, shi ma Norman ya bi, har ya kai kashi 6 da rabi a watan Satumba na 1929. A watan Oktoba kasuwar hannun jarin Niyok ta rushe, duniya ta faɗa cikin mummunan karayar arziki.

Wannan guguwa ba ta tsallake ƙasashenmu ba. Tun 1912 Turawan Ingila suka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, wadda ke buga sulallan da ake kashewa a Najeriya, da Gana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya, kuma darajarsu a ɗaure take da fam. Ke nan manomin gyaɗa a ƙasar Kano da manomin koko a ƙasar Asante suna riƙe da kuɗin da ake yanke hukuncinsa a ofishin Norman, ba tare da sun taɓa jin sunansa ba. Da farashin gyaɗa da auduga da koko ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930, haraji kuwa da tsabar kuɗi ake biyansa, sai ya zama manomi ya sayar da buhuna da yawa kafin ya haɗa abin da a da kaɗan ke biya masa.

Shekarar 1931 ita ce ta karya tsarin da ya gina. A watan Mayu banki mafi girma a Ostiriya ya durƙushe, tsoro ya ratsa Jamus, daga nan ya iso Landan, masu ajiya suka yi ta kwashe zinariya. A cikin watan Yuli aka ɗaga kuɗin ruwa sau biyu, daga kashi 2 da rabi zuwa 4 da rabi, aka kuma ciwo rancen fam miliyan 50 daga Niyok da Faris. Bankin bai iya wuce nan ba, domin marasa aikin yi sun haura miliyan 2 da rabi. A ƙarshen watan Norman ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, aka tura shi Kanada hutawa. Gwamnatin jam'iyyar Leba ta faɗi a watan Agusta kan rikicin rage tallafin marasa aiki, kuma ranar 21 ga Satumba Ingila ta saki zinariya, alhali shi yana cikin jirgin ruwa a hanyar komowa.

Abin mamaki, faɗuwar da ya shafe shekara 11 yana gudu ita ce ta kawo sauƙi. Fam ya rasa fiye da rubu'in darajarsa, amma da yake babu sauran zinariyar da za a tsare, a watan Yuni na 1932 aka sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 2, inda ya zauna har 1951, in ban da ƴan makonni a farkon yaƙin 1939. Bashi ya yi araha, aka shiga gina gidaje gadan-gadan, marasa aikin yi suka ragu daga kusan miliyan 3 zuwa wajen miliyan ɗaya da rabi a 1937. Faransa, wadda kuɗinta ne ake kashewa a Nijar da Cadi a lokacin, ta riƙe zinariya har 1936, kuma ta fi Ingila daɗewa cikin wahala.

Norman mutum ne mai son sirri, har yakan yi tafiya da sunan Farfesa Skinner domin ɓad da sawu daga ƴan jarida, ba ya kuma son bayyana dalilin hukuncinsa ko a gaban kwamitin bincike. Ya taimaka wajen daidaita kuɗin Ostiriya da Hangari da Jamus bayan yaƙi, yana kuma cikin waɗanda suka kafa bankin manyan bankuna a birnin Basel a 1930. Sai dai akwai tabon da bai gogu ba: a watan Maris na 1939, bayan sojojin Hitila sun mamaye Cekoslobakiya, bankinsa ya mai da zinariyar ƙasar ta fam miliyan 5.6 zuwa asusun babban bankin Jamus. Ya yi aure a 1933 yana da shekara 61, rashin lafiya ta sauke shi a 1944, aka ba shi sarautar Lod. A 1946 gwamnati ta karɓe bankin daga hannun masu jari, shi kuwa ya mutu ranar 4 ga Fabrairu na 1950.

Mu da ke kashe sefa, wadda ke ɗaure da Yuro a kan 655.957 tun 1999, tambayar da ta dami Norman ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk ranar da babban bankin BCEAO ya zauna a Dakar kan kuɗin ruwa, yana auna tsare darajar kuɗi ne da kuma sauƙin bashi ga ɗan kasuwa da manomi. Shi ya sa ya dace mu riƙa bin waɗannan sanarwoyi, mu kuma nemi a yi mana bayaninsu da harshen da muke ji.