Audu Bako: Ɗan sandan da ya jawo ruwa zuwa gonakin Kura da Bunkure

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, da ya kawo Kura zai ga ƙasa ta sauya kama: shinkafa da tumatir da albasa kore shar, ga ruwa yana kwarara cikin magudanai alhali an yi watanni ba a ga hadari ba.

Wannan ruwa dai daga madatsar Tiga yake fitowa, kuma mutumin da ya tsaya kai da fata har aka gina ta shi ne marigayi Alhaji Audu Bako, gwamnan farko na jihar Kano.

An haife shi a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ya daɗe yana aikin ɗan sanda. Ya yi karatu a Kaduna da kuma makarantar Midil ta Zariya, sannan ya gaji mahaifin nasa a shekarar 1942. Ya koyar da dokokin aiki a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, ya yi ta hawa har ya kai muƙamin mataimakin kwamishina mai kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa.

A watan Mayun 1967, gab da ɓarkewar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya raba Najeriya zuwa jihohi 12, ya kuma damƙa wa Audu Bako jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau.

Jihar da ya gada

Kanon da ya tarar ta daɗe da sanin kasuwar duniya. Tun da jirgin ƙasa ya iso birnin a shekarar 1911 gyaɗa ta zama jigon arzikinta, ana tara ta dala-dala a kai ta Legas, daga can kuma sai Turai. Sai dai a can ake yanka mata farashi, manomi kuma daminarsa ɗaya ce tak a shekara. Da an gama kaka sai matasa su kama hanyar cin rani.

Sabon gwamnan ya taɓa ɓangarori da dama. Ya yi wa mulkin En'e garambawul, ya buɗe makarantun 'yan mata, ya gina sakatariya da gidan ajiye namun daji waɗanda yanzu ke ɗauke da sunansa. Amma ruwa ne ya fi cin ransa.

A shekarar 1969 aka fara gina madatsar Bagauda domin shayar da gonar gwaji da aka buɗe a Kadawa. Da aka ga abin ya karɓu sai aka koma kan kogin Kano, aka tare shi a Tiga, kimanin kilomita 70 kudu da birni. An kammala madatsar a shekarar 1974, da ƙarfin ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu.

Hikimar aikin ita ce Tiga ta fi gonakin tudu, don haka ruwan da kansa yake gangarowa, ya biyo ta Ruwan Kanya, ya shiga babbar magudana, ya rarrabu zuwa filayen Bunkure da Garun Malam da Kura ba tare da an tayar da inji ba. An tsara kashin farko zai shayar da hekta 22,000.

Ilmin waje, kuɗin gida

Aikin ba na Kano kaɗai ba ne. Ƙwararrun Amurka ne suka fara nazarin ruwa da ƙasar yankin tafkin Chadi a shekarun 1960, sannan kamfanin injiniyoyi na NEDECO daga ƙasar Holan ya zana yadda za a shimfiɗa gonakin da magudanansu.

Abin da ya bambanta wannan zamani da na gyaɗa shi ne a wannan karon Najeriya na da kuɗin biya. Ta shiga ƙungiyar OPEC a shekarar 1971, farashin ɗanyen mai kuma ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974.

Lokaci ne da ƙasashe masu tasowa suka fara ɗaga murya. A shekarar 1971 Najeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da ƙasar Sin. A 1974 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙudurin neman sabon tsarin tattalin arzikin duniya wanda zai fi yi wa matalautan ƙasashe adalci, a watan Mayun 1975 kuma aka kafa ECOWAS a Legas. Audu Bako bai zauna a teburin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma madatsarsa 'yar wannan tunani ce: ƙasa ta ciyar da kanta, ta daina miƙa kuɗinta ga manoman alkama na Amurka.

Farin da ya auka wa yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974 ya ƙara masa hujja, domin a kan idon jama'a dabbobi suka yi ta mutuwa, dalar gyaɗa kuma ta kama hanyar ɓacewa.

Sai dai ba kowa ne ya sha daɗin aikin ba. An tayar da dubban mutane daga ƙauyukan da ruwan Tiga ya shanye. A can ƙasa kuma, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace damina ta ragu, masunta da makiyaya da manoman fadama suka ji a jikinsu. Masana tattalin arzikin da suka auna lamarin a shekarun 1990 sun gano cewa asarar da aka yi a can ta zarce ribar da aka samu a nan. Wannan batu ne da masu yabon marigayin ba su cika son a tayar ba.

Saukarsa daga mulki

A ranar 29 ga Yulin 1975 aka hamɓarar da Janar Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, Murtala Muhammad, ɗan Kano, ya karɓi mulki. An sauke dukkan gwamnoni 12, kwamitin bincike kuma ya wanke biyu ne kawai daga cikinsu, na Legas da na jihar Yamma. Audu Bako yana cikin goman da aka samu da laifi.

Ya koma jihar Sakkwato ya kama noma, ya kuma rasu a shekarar 1980. Kafin rasuwar tasa gwamnatin tarayya ta riga ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, wadda aikin ya koma hannunta.

Abin da ya biyo baya

Burin alkama bai cika ba. Alkama na son sanyi, hunturun Kano kuma gajere ne, ga biredi ya riga ya saba da garin ƙetare mai sauƙin kuɗi. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita a shekarar 1987, manoman Kadawa suka ɗan dara, sai aka janye hanin bayan 'yan shekaru. Manoman dai sun zaɓa wa kansu abin da ya fi kawo kuɗi, wato shinkafa da tumatir da masara, har Kura ta zama cibiyar casar shinkafa da cinikinta, Kwanar Gafan kuma ta tumatir.

A nan ne labarin ya ɗauki salon da ba a hango ba a zamanin marigayin. Abokan gogayyar manomin Kura a ƙarni na 21 ba Turawan Yamma ba ne. Shinkafar da ta yi shekaru tana karya masa farashi daga Tailan da Indiya take zuwa, akasarinta ta kan iyakokin Benin da Nijar, abin da ya sa gwamnati ta rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Markaɗaɗɗen tumatirin da ake ƙullawa a leda kuwa, mafi yawansa daga ƙasar Sin aka riƙa shigo da shi.

Ƙasashen da ke gasa da shi kuma su ne ke tallafa masa ta wata fuskar. Ƙananan injunan ban ruwa da na casa da baburan kai kaya kasuwa galibi ƙirar Sin da Indiya ne, sinadarin da aka riƙa haɗa takin zamani da shi a ƙarƙashin yarjejeniyar 2016 kuma daga Maroko ya fito. A watan Janairun 2025 Najeriya ta zama abokiyar hulɗar ƙungiyar BRICS, wadda Sin da Indiya ke cikin jigoginta.

Amma da magudanan suka tsufa, suka cika da laka da ciyawar kachala, Bankin Duniya aka sake komawa. A shekarar 2014 ya amince da rancen kusan dala miliyan 500 domin shirin TRIMING, wanda ya gyara aikin Kogin Kano tare da na Haɗeja da na Bakolori.

A Kadawa, inda aka fara gwajin farko, kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a shekarar 2016, mai iya markaɗe tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya, daga baya kuma ta yi ta buɗewa tana rufewa saboda ƙarancin tumatir da saɓani kan farashi. Duk shekarar da kaya ya yi yawa a Kwanar Gafan, kwando ya faɗi warwas, manoma kan yanka tumatirinsu su shanya a bakin titi ya zama kauɗa.