Alfred Hitchcock: Daraktan da ya mayar da zullumi sana'a

Yawancin finafinan ban tsoro da ake fitarwa a yau sun dogara ne da jini da sassan jiki da ƙarar da ke firgita mutum ba zato. Ana gama kallo, tsoron ya watse. Finafinan Alfred Hitchcock kuwa, waɗanda wasunsu sun haura shekara 60 da fitowa, har yanzu suna hana mai kallo sakewa a kan kujera, alhali jinin da ke cikin mafi yawansu bai taka kara ya karya ba. Dalili shi ne mutumin ya kwashe rayuwarsa yana nazarin yadda jiran masifa ke azabtar da zuciya fiye da aukuwarta.

An haife shi ranar 13 ga Agusta, 1899, a Leytonstone da ke gabashin Landan, shi ne auta cikin 'ya'ya uku. Mahaifinsa William mai sayar da kayan gwari ne, gidansu kuma mabiya ɗariƙar Katolika ne masu tsananta tarbiyya. Hitchcock ya sha ba da labarin cewa yana ɗan shekara biyar ko kusa da haka mahaifinsa ya aike shi ofishin 'yan sanda da wata 'yar wasiƙa, ɗan sandan da ya karanta ta ya kulle shi a ɗakin tsare masu laifi na 'yan mintoci don ya ga makomar yara marasa ji. Tsoron 'yan sanda ya bi shi har tsufa, kuma mutumin da ake farauta kan laifin da bai aikata ba ya zama jigon da ya riƙa komawa gare shi a finafinansa. A makarantar St Ignatius da ya yi, ana sanar da yaro cewa za a hukunta shi, sannan a bar shi ya je karɓar hukuncin daga baya, ya wuni da fargaba a cikinsa.

Mahaifinsa ya rasu a 1914. Saurayin ya sami aiki a kamfanin Henley mai ƙera wayoyin lantarki, inda daga baya aka mayar da shi sashen tallace-tallace saboda iya zanensa. Zanen ne ya buɗe masa ƙofar fim. A farkon shekarun 1920 ya shiga ɗakin shirya finafinai na kamfanin Famous Players-Lasky a unguwar Islington, yana tsara allunan rubutun da ake saka wa finafinan wancan zamani, waɗanda ba su da murya. A can ya haɗu da Alma Reville, ƙwararriyar mai tace fim wadda ta riga shi shiga sana'ar, kuma kwana ɗaya tak ya girme ta. Sun yi aure a Disamba 1926, suka haifi 'ya ɗaya, Patricia, a 1928. Alma ta zama idonsa na biyu, domin da wuya ya amince da labari ko ya saki fim ba tare da ta duba ba.

Aiki ya kai shi Jamus a 1924, inda ya kalli F. W. Murnau yana ɗaukar fim ɗin The Last Laugh, wanda aka ba da labarinsa kusan ba tare da rubutu ba. Darasin ya bayyana a The Lodger na 1927, labarin baƙon da ya kama hayar ɗaki a daidai lokacin da wani makashin mata ya addabi Landan. Da yake babu sauti, Hitchcock ya sa aka yi daɓen gilashi aka ɗauki tafin ƙafar baƙon daga ƙasa yana kai-komo, masu gidan suna ɗaga kai suna duban rufi. Mai kallo ba ya jin takun, amma zargin da ke cin masu gidan yana kama shi.

Fim ɗin Sabotage na 1936 ya koya masa iyakar dabararsa. An ba wani yaro ƙunshi ya kai wani wuri, bai san bom ne a ciki ba, 'yan kallo kuwa sun sani, sun kuma san lokacin da zai tashi. Yaron ya yi ta ɓata lokaci a hanya, bom ya tashi da shi a cikin motar bas. Daga baya Hitchcock ya amince cewa kuskure ne, domin wanda ya ɗaure zukatan mutane tsawon wannan lokaci wajibi ne ya kwance musu. A hirar da ya yi da daraktan Faransa François Truffaut a 1962 ya fayyace ƙa'idarsa da misalin mutane biyu da ke hira a teburi, bom yana ƙarƙashinsa. Idan ya fashe ba wanda ya sani, 'yan kallo za su razana na 'yan daƙiƙu. Idan kuwa an nuna musu bom ɗin da agogo tun farko, hirar banza ma sai ta zama abin da ba a iya ɗauke ido daga kanta, saboda kowa na ƙaiƙayin ya yi wa mutanen gargaɗi.

A 1939 ya koma Amurka bisa kwantaragi da furodusa David O. Selznick. Fim ɗinsa na farko a can, Rebecca na 1940, ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, amma Selznick ne ya karɓa a matsayinsa na furodusa. Fim ɗin labarin amarya ce da ta tare a gidan da ambaton marigayiyar uwargida ya cika ko'ina, kuma har ƙarshe ba a nuna fuskar marigayiyar ba. A Shadow of a Doubt na 1943, wata budurwa ce ke murnar zuwan kawunta da take ƙauna, sannan alamu suka fara nuna mata cewa shi ne mutumin da ake nema kan kisan zawarawa masu kuɗi. Mugun yana zaune a teburin cin abinci, mahaifiyarta na zuba masa ƙari, ita kuma ba ta da bakin magana.

Rear Window na 1954 ya ɗaure mai kallo a ɗaki ɗaya tare da wani mai ɗaukar hoto da ya karye a ƙafa, wanda James Stewart ya fito a matsayinsa. Zaman kaɗaici ya sa ya shiga leƙen maƙwabta ta taga, har ya fara zargin ɗayansu ya kashe matarsa. Wurin da ya fi tsayar da numfashi shi ne inda budurwarsa, Grace Kelly, ta shiga gidan mutumin neman shaida, shi kuma yana hango mai gidan na dawowa, ba shi da ikon tashi balle ya kai mata ɗauki. Fim ɗin yana kuma tuhumar mai kallo, domin shi ma leƙen asirin wasu ya zauna yi, kuma yana jin daɗinsa.

Babbar kasadar rayuwarsa ta zo ne yana da shekara 60. Kamfanin Paramount ya ƙi zuba kuɗi a Psycho, wanda aka ciro daga littafin Robert Bloch na 1959, yana ganin labarin ya yi muni. Hitchcock ya ɗauki nauyin aikin da kansa, ya haƙura da ladansa na darakta a madadin kaso 60 cikin 100 na mallakar fim ɗin, ya ɗauke shi a baƙi-da-fari da ma'aikatan shirinsa na talabijin a kan kimanin dala 800,000. Da ya faɗi, da sunansa da aljihunsa ne za su ji a jika. Fitowar kisan banɗaki ta ci kusan mako guda ana ɗauka, an kafa kyamara sau 78, an yanka hoton sau 52. Ba a nuna rauni a buɗe ba, jinin da ake gani ruwan cakulan ne, sauran aikin kuwa kiɗan Bernard Herrmann da tunanin mai kallo ne suka ƙarasa shi. Da fim ɗin ya fito a 1960 ya gindaya wa gidajen sinima sharaɗin kada a bar kowa ya shiga bayan an fara. Mutane suka yi dogayen layuka, Psycho ya zama fim ɗin da ya fi kawo masa riba.

The Birds na 1963 ya zo babu kiɗan da aka saba ji, babu kuma bayanin abin da ya sa tsuntsaye suka afka wa mutanen garin Bodega Bay. A wata fitowa jarumar tana zaune a wajen makaranta, yara na rera waƙa a ciki, hankaki na sauka ɗaya bayan ɗaya a bayanta. Mai kallo ya riga ta gani, kuma wannan sanin ne azabarsa.

Fim ɗin nan ne kuma ya bar tabo mafi muni a tarihinsa. Jarumar, Tippi Hedren, ta shafe kwana biyar ana jefa mata tsuntsaye masu rai don ɗaukar fitowa guda, har ta kwanta jinya. Daga baya ta zarge shi da takura mata, da neman ta da lalata, da kuma daƙile mata sana'a bayan ta ƙi, zargin da ta maimaita a littafin tarihinta na 2016. Wasu da suka yi aiki da shi sun musanta, amma masu nazarin rayuwarsa ba sa iya tsallake batun. Shi ma kansa bai tsaya kan ƙa'idarsa ko yaushe ba, don a Frenzy na 1972, bayan dokokin tace finafinai sun sassauta, ya nuna ta'asa ƙarara fiye da yadda ya taɓa yi.

Sau biyar aka sa sunansa cikin 'yan takarar Oscar ta darakta mafi ƙwarewa, bai ci ko sau ɗaya ba. Kyautar girmamawa ta Irving G. Thalberg aka ba shi a 1968. Masana a Amurka sun daɗe suna kallonsa a matsayin mai nishaɗantarwa kawai, sai da matasan masu sharhi na Faransa irin su Truffaut suka dage cewa gwani ne na gaske. Family Plot na 1976 shi ne na ƙarshe cikin finafinansa sama da 50. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir 'yan watanni kafin ciwon ƙoda ya yi ajalinsa a gidansa da ke Bel Air, Los Angeles, ranar 29 ga Afrilu, 1980, yana da shekara 80. Alma ta bi shi a 1982. A 2012, ƙuri'ar masu sharhi ta mujallar Sight and Sound ta zaɓi Vertigo, fim ɗinsa na 1958 wanda bai samu karɓuwar kirki ba da ya fito, a matsayin fim mafi daraja a tarihi.

Ga mai neman fim ɗin tsoro da zai bar shi da abin tunani, ya kyautu ya fara da Shadow of a Doubt, ya bi da Rear Window, sannan Psycho da The Birds. Idan ya kai ga Psycho, ya kiyaye sharaɗin mai shi: ya kalla tun daga farko, kada kuma ya bari wani ya faɗa masa ƙarshen labarin.