Giulio Natta, Wanda Ya Shirya Sahun Roba

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ya shiga kasuwar Tsafe ko ta Bungudu ko ta Gusau ya ga buhunan taki da na masara jibge. Roba ce aka saƙa, ana ce mata folifurofilin, kuma asalinta yana wajen wani masani ɗan ƙasar Italiya, Giulio Natta.

An haife shi a shekarar 1903. Ya yi karatun haɗa sinadarai a birnin Milan, ya gama a 1924. A can kuma, ran 11 ga Maris 1954, ya haɗa wannan roba daga wata iska ta man fetur, da taimakon sinadarin da Bajamushe Karl Ziegler ya gano.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin roba a jere suke kamar carbi, kowace da ɗan reshe a gefe. In rassan suka fuskanci inda suka ga dama, sai a sami abu mai danƙo wanda ba ya ɗaukar kaya. A robar Natta kuwa, duk gefe ɗaya suke kallo. Saboda haka carbin yakan murɗe kamar igiya, ƙwaya 3 a kowane zagaye, ya kwanta daidai da ɗan'uwansa, su daskare da tsari irin na ƙwayar gishiri. Irin wannan ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 165.

Da hasken eksire ya tabbatar da wannan tsari. Masana kuma suna bin sawunsa da infurared, wato hasken nan da ido ba ya gani, wanda muke ji ɗumi in mun matsa kusa da murhu. Murɗaɗɗen carbi yana shanye wani yanki na hasken, don haka in narkakkiyar roba tana hucewa, ana ganin alamar tana ƙaruwa.

Tun 1956 ciwon karkarwar jiki ya kama shi, amma bai bar aiki ba. Da aka ba shi kyautar Nobel tare da Ziegler a 1963, sai da ɗansa da abokan aikinsa suka taimaka masa wajen gabatar da jawabi. Ya rasu a 1979.

To, 'yan'uwa, ƙwayoyin ɗaya ne, shiri ne ya raba danƙo da buhu. Mu ma mu shirya lokacinmu na karatu tun jarrabawa ba ta ƙaraso ba. Allah ya ba mu sa'a, amin.