Emily Dickinson: Matar da Ta Ɗaure Waƙoƙinta da Zare

Yau zan ba ku tarihin wata Ba'amurkiya, Emily Dickinson, wadda har ta rasu ba a san ta da waƙa ba sai 'yan tsirarun mutane, amma yanzu ana lissafa ta cikin manyan marubuta waƙoƙin Turanci.

An haife ta ran 10 ga Disamba, 1830, a wani ƙaramin gari mai suna Amherst, cikin jihar Massachusetts. Mahaifinta lauya ne. Ta yi shekara 7 a makarantar garinsu, kana ta wuce makarantar 'yan mata ta Mount Holyoke, ta komo gida cikin 1848. Ba ta yi aure ba, kuma da shekaru suka tura sai ta daina fita, ta kama aikin gida da lambu.

A wancan zamani al'ada ce ga matan Amurka su ajiye littafin rubutu. Wata ta kwafe waƙoƙin da suka ba ta sha'awa, ƙawayenta su ƙara nasu su sa hannu. Wata kuwa abin da ya auku kullum take rubutawa, haihuwa da rashi da ciwo da baƙi. Emily ma tun tana 'yar makaranta tana da littafin da ta manna busassun furanni fiye da 400, ta rubuta sunayensu.

To, ga yadda ta yi da waƙoƙinta. Sai ta kwafe su da tawada a takardu ninkakku, ta jera 'yan kaɗan, ta huda su wuri biyu, ta zura zare ta ɗaure. Daga 1858 zuwa 1864 ta haɗa irin waɗannan 'yan littattafai 40, masu ɗauke da waƙoƙi wajen 800. Kada ku zaci zaman hutu take yi. Ita ce mai gasa burodin gidan, kuma da ciwon shanyewar jiki ya kama mahaifiyarsu a 1875, ita da ƙanwarta Lavinia suka yi ta jinya har tsohuwar ta cika a 1882. A shekarun nan na baya, sau da yawa a bayan ambulan ko guntun takarda take rubutu. Duk tsawon ranta waƙoƙinta wajen 10 kaɗai aka buga, su ma ba da sunanta ba.

Ta rasu ran 15 ga Mayu, 1886, tana da shekara 55. Ta bar wasiyya a ƙone wasiƙun da mutane suka aiko mata, Lavinia kuwa ta cika wasiyyar. Cikin wannan kwalimar ce ta ci karo da littattafan nan. Ku duba fa, wuta ta riga ta ci takardu a gidan, da ta haɗa da su shi ke nan. Amma ta tsaya ta karanta, ta dage sai an buga. Littafi na fari ya fito cikin 1890, ko da yake waɗanda suka shirya shi sun sassake mata wasu kalmomi. Sai a 1955 aka buga waƙoƙi 1,775 kusan yadda ta rubuta su.

'Yar'uwa, ke da kike rubuta abin da ke ranki bayan yara sun yi barci, kada ki rena shi. Sa kwanan wata, ki adana a ƙasan akwati. Ke kuma uwa, in kin tsinci littafin 'yarki, kada ki yage shi don hura wuta ko ƙunshe ƙosai. Haka nan in kuna kwashe kayan mamaciya, ku karanta kafin ku zubar.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.