Imamu Ahmad ɗan Hambali da Fitinar Halittar Alƙur'ani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

An haifi Abu Abdullahi Ahmad ɗan Muhammadu ɗan Hambali Asshaibani, Allah Ya yarda da shi, a birnin Bagadaza a shekara ta 164 bayan hijira (780 Miladiyya). Ya tashi maraya a hannun mahaifiyarsa. Ya fara neman hadisi yana ɗan shekara kamar 15, ya yi tafiye-tafiye zuwa Kufa da Basara da Makka da Madina da Sham, har San'a ta ƙasar Yaman wurin Abdurrazzaƙ, ya kuma zauna da Imamu Shafi'i. Littafinsa Musnad ya ƙunshi hadisi sama da 27,000. Yana da wani littafin kuma a kan zuhudu, wanda ya rayu a kansa kafin ya rubuta shi, domin abincinsa daga ɗan kuɗin hayar gidajen da ya gada yake fitowa.

A shekara ta 218 (833) Halifa Ma'amun, wanda tuni ya rungumi ra'ayin Mu'utazilawa cewa Alƙur'ani halitta ne, ya aika wa wakilinsa a Bagadaza, Ishaƙa ɗan Ibrahim, da umarnin ya tara alƙalai da malaman hadisi ya jarraba su. Mafi yawansu suka amsa, kuma ba a yi musu adalci ba idan aka ce duk kwaɗayi ne, domin Alƙur'ani da kansa ya yi rangwame ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Mutum huɗu suka ƙi. Da aka sa musu mari, biyu suka janye, saura Ahmad da wani saurayi, Muhammadu ɗan Nuhu. Aka tasa su a ɗaure zuwa Ɗarsus inda halifa yake, suna hanya labarin rasuwarsa ya riske su. A kan hanyar komowa ɗan Nuhu ya cika, Ahmad ya yi masa salla, ya ƙarasa Bagadaza shi kaɗai.

Ya yi kimanin wata 28 a kurkuku. Matsin da ya fi nauyi ba daga maƙiya ya zo ba. Masoya ne, har da baffansa, suke roƙonsa ya faɗi kalmar da baki kawai kamar yadda abokan karatunsa suka yi. Shi kuwa yana ganin rangwamen da ya halatta ga mutum ɗaya bai dace da wanda jama'a suka zuba wa ido ba, domin duk abin da ya furta, shi talakawa za su ɗauka addini.

Halifa Mu'utasim ya sa aka yi muƙabala da shi kwana 3 a gaban alƙali Ibnu Abi Du'ad. Bai nemi komai ba sai hujja daga Littafi ko Sunna, ba a kuwa kawo ba. A cikin watan Ramalana aka yi masa bulala, yana azumi, har ya suma. Da aka ji tsoron kada ya mutu a hannu gari ya yamutse, sai aka sake shi. A zamanin Wasiƙ ma an hana shi zama da mutane, ya daina karantarwa.

Jarrabawa ta biyu ta zo da wata riga. Halifa Mutawakkil ya kawar da fitinar, ya gayyace shi Samarra, ya aiko masa da dukiya da tufafi. Imamu ya rabar da kuɗin, ya lizimci azumi, ya ƙaurace wa abincin fada har jikinsa ya raunana, sannan aka bar shi ya koma gida. Da 'ya'yansa suka karɓi albashin hukuma, ya daina cin abin da ya fito daga gidajensu. Duk da haka ya yafe wa Mu'utasim dukan da ya sa aka yi masa, bai kuma taɓa kiran mutane su fita wa sarki da takobi ba.

Ya rasu ranar Juma'a, 12 ga Rabi'ul Awwal, shekara ta 241 (855), yana da shekara 77, aka rufe shi a maƙabartar Babu Harb, bayan jana'izar da masu tarihi suka ce Bagadaza ba ta taɓa ganin irinta ba. Bayan sama da ƙarni biyu da rabi, a wannan birni, a kan mazhabarsa Sidi Abdulƙadir Jilani ya yi karatun fiƙihu, ya karantar, ya ba da fatawa. Allah Ya ƙara musu yarda, Ya amfane mu da albarkarsu, amin.